Wata Shida Ina Girki Babu Hanci

Ran da na gane hancina ya mutu, tuwo ne ya tona. Ina zaune bakin murhu, ban fi taku biyu da tukunya ba, ina yankan albasa ina tunanin ɗiyata da ke aure a Bakura, sai na ga baƙin hayaƙi yana fita ta gefen murfi. Na buɗe, gindin tukunya ya zama gawayi. Ni da nake jin ƙaurin tuwon gida na uku, in leƙa ta katanga in ce a sauke, yau nawa ya ƙone a gabana ban ji komai ba.

Sati guda kafin nan na yi zazzaɓi da mura mai nauyi, daidai lokacin da ake gama yankan shinkafa a fadamun Mafara. Zazzaɓin ya tafi, murar ta bi shi, na ɗauka an rabu lafiya. Ranar da tuwon ya ƙone na tashi na bi gidan ina shinshina komai. Na shinshina albasar hannuna da kwalbar kalanzir da turaren wuta, daga ƙarshe na buɗe tulun daddawa na tura fuskata ciki. Iska kawai ke shiga tana fita. A baki kuma abin da ya rage mani gishiri ne da zafin barkono, su ma kamar daga nesa suke yi mani sallama. Na zauna a ƙasa tsakar gida, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Wata mace za ta ce to mene ne, ai hanci ne, ba ido ba. Ni ba haka abin yake a wurina ba. A layinmu maza bakwai ne, har da maigidana da limamin masallacinmu, ke ciyayya a dakalin ƙofar gidanmu bayan magariba, kowa ya fito da kular gidansa a jera a ci tare. Mata ba ma zuwa wurin, amma kowace da sunanta a kan tabarmar nan. An san mai tuwo da gudaji, an san mai miya tsululu. Kulata ita ake fara buɗewa, shekara da shekaru, kuma ita ake mayarwa kamar an wanke. Daddawata da hannuna nake yin ta, yadda Innata ta koya mani a Bakura, tun daga dafa kalwa har rufe ta da ganye ta kwana uku, kuma hanci ne ke gaya wa mutum ta nuna ko da saura. Ba ni da boko mai zurfi, ba ni da sana'a a waje. Wannan shi ne abin da na iya, kuma ba zan yi ƙarya ba, ina ji da kaina a kansa.

Malam, maigidana, ya fi ni ji da abin. Yana koyarwa a wata makarantar jeka-ka-dawo a ƙasar Maradun. Da can kullum yake zuwa ya dawo a babur, amma tunda hanya ta lalace da masu tare mutane sai ya koma kwana can, ya tafi Litinin ya dawo Alhamis da rana tsaka. Ɗanmu yana karatu a Sakkwato, saboda haka mu biyu ne a gidan. Idan Malam ya dawo, kafin ya cire takalmi yakan tsaya a ƙofar kicin ya ja numfashi ya faɗi miyar da ke kan wuta, in ya canka daidai ya yi ta murna kamar ya ci jarrabawa. Mutumin da ke kwana uku yana cin garau-garau yana ƙirga ranar dawowa, ta yaya zan tare shi a ƙofa in ce masa abin ya ƙare?

Ranar Alhamis ta farko na ce bari in bari sai wani sati, wataƙila ya dawo. Wani satin ma na faɗi haka.

Mutum ɗaya na gaya wa, maƙwabciyata da muke haɗa katanga. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, aiki ya kawo ta Mafara tun yaranta suna ƙanana, kowa Sista yake ce mata. Ta haska mani fitila a hanci, ta ce wasu yakan dawo musu cikin makonni, wasu sai an shekara, wasu kuma shi ke nan. Sannan ta ce in gaya wa Malam.

"Za ni gaya mashi," na ce.

"Yaushe?"

"In ya dawo."

"Wa zai dawo, Malam ko hancin?"

Na roƙe ta dai ta rufa mani asiri, ta kuma ara mani bakinta. Daga ranar, duk girkin da zai fita waje sai na ɗebi kaɗan a ludayi na miƙa mata ta saman katanga, ta shinshina ta ɗanɗana. Bakinta ba irin namu ba ne, ita in barkono bai sa mutum hawaye ba bai ji ba, don haka sai da na koyi rage rabin abin da ta ce in ƙara. Sauran kuma na mayar da shi awo. Gishiri da murfin kwalba, daddawa da ƙirge, tafasa da agogon waya. Nama ba ya kwana a gidana, nono in ya wuni sai in ba kaji. Ban ƙara barin tukunya na juya baya ba, ko fitsari ya matse ni sai na sauke. Hannuna ya riƙe abin da hancina ya saki, kula ta ci gaba da dawowa wayam, Malam ya ci gaba da santi. Ni kuwa ina zaune gabansa ina tura loma kamar mai cin jiƙaƙƙen tsumma, ina gyaɗa kai.

Akwai wani abu guda da ya kusa tona ni tun da wuri, shi ne haɗin kifin Malam.

Malam mutum ne mai son kamun kifi da fatsa. Ba sana'a ba ce, ba kuma don babu ba. Duk Asabar da sassafe zai ɗauki sandarsa da ƙugiyoyinsa ya nufi kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam, ya wuni a rana, ya dawo da tarwaɗa uku ko huɗu yana tafiya kamar wanda ya kashe giwa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da yake sa wa ƙugiya. Wani tsohon masunci ne ya koya masa. Dusar gero ce da hanjin kaza da jinin da yake roƙowa wurin mahauta, da ragowar daddawata da ta farfashe, a cuɗa a rufe a gwangwani a bar shi a rana kwana biyar ya ruɓe, sannan a mulmula a lallatsa a shanya. In ya bushe baƙi ne ƙirin, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Warinsa kuwa, Allah ya kiyashe ku. Shekara ashirin da biyu muna faɗa a kan abin nan. Na taɓa jefa gwangwanin a shara, na taɓa cewa ya zaɓa, ko ni ko shi. Muka ƙare a kan zai riƙa ajiye shi can bayan akurkin kaji, ni kuma ina da izinin yin mita duk ran da iska ta juyo.

To da hancina ya mutu sai mitar ta mutu tare da shi, ban ma lura ba. Shi ya lura. Wata Asabar, wata uku da fara abin, ya dawo daga kanal ya zauna kusa da ni yana ta kame-kame, can ya ce ya ga na daina magana a kan haɗinsa, kuma ya san haƙuri nake yi, Allah ya saka mani da alheri. Ranar Talata da ta biyo baya ana hutu, ya shiga kasuwa ya sayo mani turare a ƙaramar kwalba. Ya buɗe da kansa ya kai mani hanci yana kallon fuskata.

Na lumshe ido na ja numfashi na ce, "Kai, wanga ya yi ƙamshi."

Wannan ce ƙaryar da ta fi ci mani rai. Ranar na yi niyyar faɗa masa, har na buɗe baki, sai na ga yadda yake murmushi na haɗiye. Kuma duk ranar da ta wuce faɗar tana ƙara nauyi, don yanzu ba ciwon kaɗai zan faɗa ba, har da yawan kwanakin da na yi ina yi masa wasan kwaikwayo.

Haka muka kai ƙarshen bazara. Ranar wata Juma'a ce, zafi kamar a gasa mutum. Da safe na shanya sabuwar daddawata a faifai a tsakar gida, Malam kuma ya fasa gwangwaninsa ya lallatsa haɗinsa ya shanya a kan rufin akurki, saboda gobe Asabar. Bayan an sauko daga masallaci na tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa can gefen tasha. Muna zaune hadari ya taso daga gabas, ruwan farko na shekara, da iska mai ɗaga kwano. Aka riƙe mu a gidan har bayan la'asar. Na dawo a jiƙe, ga laka har idon sawu, ga lokaci ya ƙure, ban ɗora komai ba.

Malam ba ya gidan, ya fita duba yadda ruwa ya ƙaru a kanal. Na ga tsakar gida babu shanya, na ce Allah ya yi masa albarka, ya kwashe mani. Na shiga kicin, babu wutar lantarki, ga duhun hadari, ƙofar ce kawai ke ba da ɗan haske. A kan teburin da nake ajiye daddawa kullum ga faifai nan, cike da baƙaƙen fayafayai a jere. Na ɗauki uku na jefa a turmi da barkono. Na ji sun fi saurin dakuwa, kamar suna marmashewa, na ce danshin ruwa ne ya taɓa su. Na kaɗa miyar kuka da busasshen kifi, na tuƙa tuwon dawa. Na ɗebi miya a ludayi na je katanga na kira Sista har sau uku, shiru. Sai na tuna tana aikin yamma a satin nan. Na tsaya da ludayi a hannu ina shawara, sannan na ce haba, miyar kuka ce fa, wadda ko ido rufe zan kaɗa. Na ɗanɗana gishiri, ya ji. Na zuba a kula na rufe gam, na sa turaren wuta kamar kullum.

Ana kiran magariba Malam ya shigo da sauri ya yi alwala. Ya ce ƙasa ta jiƙe, yau a zaurenmu za a ci. Ya ɗauki kulolin biyu, ya kai bakin ƙofa ya juyo yana yamutsa fuska.

"Ki yi haƙuri da warin ga, don Allah. Ruwa yas sa. Gobe da asuba za ni hidda shi."

"Ba komi," na ce.

Wata shida ina amsa irin wannan magana da ba komai. In an ce ana jin ƙamshi in ce ƙwarai, in an ce ana jin wari in toshe hanci. Bakina ya riga ya saba, ba ya jiran kaina. Na shimfiɗa darduma na ta da salla. Ina raka'a ta biyu maganar ta dawo mani. Wane wari? Mene ne ruwa ya sa ya shigo da shi, wanda zai fitar da asuba?

Allah ya yafe mani, ban san abin da na karanta a raka'a ta uku ba. Ina sallamewa na ɗauki waya na kunna fitilarta na ruga kicin. Na haska faifan da ke kan tebur. Na ɗauki guda na kawo kusa da ido. A jikinsa akwai ɗan guntun gashin kaza a manne, da ɓurɓushin dusa. Na haska sama, can kan kantar da nake jera tukwane, ga wani faifai an rufe shi da tsabtataccen ƙyalle. Na ɗaga. Daddawata ce, cif, ko ɗaya ba ta ragu ba. Malam ya ɗora tawa a sama don kada warin nasa ya kama ta, ya ajiye nasa a inda hannunsa ya fi kusa. Bai ga dalilin yi mani bayani ba, don a saninsa babu mai hanci a duniya da zai rikita biyun nan, balle ni.

Na fita da gudu ba takalmi, na tsallake tsakar gida cikin taɓo. Kafin in kai ƙofar da ta raba mu da zaure na ji muryoyinsu, an riga an fito daga masallaci, ana gyara zama ana ta barka da ruwa. Ban taɓa leƙa zauren nan da maza a ciki ba, ban kuma taɓa kiran Malam a gaban mutane ba. Na ƙwanƙwasa ƙofar.

"Ina tahe," in ji shi.

Na sake bugawa da ƙarfi.

"To, to, ina tahe. Baba, buɗe mamu wagga mu hwara."

Baban da yake nufi wani tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi, mai barkwanci, wanda in magana ta shiga bakinsa da magariba kafin hantsi ta kai tasha. Na ji ƙarar murfin kula yana juyawa. Na buɗe baki in ce kada a ci, na kasa. Kunya ce ta riƙe ni, ko tsoro, har yau ban sani ba. Na dai tsaya da goshina a jikin ƙofa ina jin komai. Na ji an zuba miya a kan tuwo. Na ji Baba ya yi bisimilla.

Sai zauren ya yi tsit. Wani ya yi tari, wani ya ce subhanallahi, na ji takun mutum ya fita waje da sauri yana kakari. Can sai muryar Baba, yana tofar da abin da ke bakinsa.

"Malam, yau mu anka mai da kihi? Ina ƙugiyar take, in sani tun ban haɗiye ba?"

Dariya ta fashe, irin wadda mutane ke yi suna ƙoƙarin dannewa tana ƙwacewa. Ban ji muryar Malam a ciki ba. Baba ya ƙara da cewa ai dama ya sani, wata rana sai uwargida ta rama, shekara nawa ana turara mata gida da mushe. Na ja da baya na koma tsakar gida na tsaya.

Ya shigo da kular a hannu, ya mayar da ƙofa ya sa sakata. Bai yi ihu ba, Malam ba ya ihu, kuma na fi son a yi mani ihu sau goma da irin wannan muryar tasa ta ƙasa-ƙasa. Ya ajiye kular a gabana a kan turmi.

"Mi na yi maki?"

Na dubi kular.

"Tambayarki nikai. Mi na yi maki da zahi haka? In haɗin ga na ba ki so, ki ce in bari, wallahi in bari. Wata da watanni kinka yi shiru, ni ina ta godiya, har turare na sawo maki, ashe jira kike ki samu rana. Gaban liman. Gaban mutanen da nike hwaɗa ma babu kamar ki."

"Ban sani ba," na ce. "Na ɗauka daddawa ta."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ke? Ke da ka jin ƙaurin tuwon gida na ukku? Tun daga bakin titi ana jin abin ga. Kin daka shi, kin kaɗa shi, kin tsaya bisa tukunya tururi na dukan huskarki, ki ce ba ki sani ba?"

A nan na ga inda ɓoyona ya kawo ni, gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, mijina zai kwana da sanin cewa da gangan na tozarta shi. In na yi magana, abin da na kashe wata shida ina karewa ya tafi. Ban daɗe ina zaɓe ba, don fuskarsa ta ishe ni.

"Malam, ba ni jin wari. Ba ni jin ƙamshi. Tun zazzaɓin nan na kaka hancina ya mutu."

Ya dube ni ya girgiza kai.

"Kada ki ƙara mani da ƙarya. Jiya-jiya kinka ce man da Sista tas sawo ya yi ƙamshi. Ki bar ni da guda, ta ishe ni."

Ya juya zai shiga ɗaki. Ban ga laifinsa ba, ni na koya masa kada ya yarda. Rantsuwa ba za ta yi ba, kuka ba zai yi ba, Sista kuma ba ta nan. Sai na buɗe kular na ɗauki ludayin da ke gefen turmi na cika shi.

"Malam, dube ni."

Ya juyo. Na kai ludayin baki na shanye, ina kallonsa. Ɗumi na ji da gishiri da santsin kuka. Na sake cikawa na shanye. Shi yana taku uku daga kular ya sa hannun riga ya toshe hanci, ni ko ƙifta ido ban yi ba. Na cika na uku, kafin ya kai bakina ya yi tsalle ya riƙe mani hannu, miyar ta zube a zanina.

"Bari! Ke, bari, za ki kashe kanki!"

Bai saki hannun ba. Ya daɗe yana duban fuskata kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya zauna a bakin rijiya, a kan jiƙaƙƙen siminti, da fararen kayansa na Juma'a.

"Tun kaka," ya ce.

"Tun kaka."

"Turaren da na kawo maki?"

"Ban ji shi ba."

"Wa yas sani?"

"Sista."

Wannan ta fi miyar yi masa ciwo, na gani a idonsa. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ba abin da na zata ya faɗa ba. Ya ce ya ga na rame, ya ga zoben hannuna yana juyawa, ya ɗauka zafin bazara ne. Ya ce wata shida yana zaune gabana yana ci yana santi, yana ba ni labarin daɗin abincina, ni ina haɗiyar abin da ba ni jin komai a cikinsa, bai taɓa tambaya ba. Muryarsa ta karye a nan. Ni ma sai na fashe da kukan da na daɗe ina ajiyewa, cikina kuma ya juya, na ruga bayan gida na amayar da duk abin da na sha. Ya biyo ni da buta.

Aka kira isha'i. Dole ya fita, mutanen suna nan a masallaci, Baba kuma yana da labari a baki. Ya sake riga ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mi za ni ce masu? In kina so in ce ni na zuba da kaina bisa kuskure, sai in ce."

Na san in ya faɗi haka babu mai yarda. Za a ci gaba da cewa na rama ne, mata su yi dariya su ce na yi maganinsa, sunana na mai girki kuma ya tsira. Shi ne zai zama abin tsokana har tsufansa. Ba zan ɓoye ba, sai da raina ya ɗan karkata.

"Gaya masu yadda abin yake," na ce. "Na gaji."

Washegari Malam bai je kanal ba. Tun da hantsi mata suka fara sallama, matan masu ciyayyar nan shida, ɗaya bayan ɗaya, kowace da mayafinta da kwanonta a rufe. Sannu, ashe haka Allah ya yi, ba mu ji ba. Wata ta ce in shaƙi hayaƙin habbatussauda, wata ta ce kakarta ma ta yi irinsa. Da zuciya ɗaya suka zo, na sani, amma ni abin da na guda ke nan, a zauna a gabana ana kaɗa kai ana kawo mani abinci kamar maijego. Na amsa gaisuwa na yi godiya, ina murmushin dole.

Da suka watse muka zauna ni da Malam a inuwar ɗaki, kwanoni shida a gabanmu. Na buɗe na matar Baba direba, tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa. A da ko kallon miyarta ba na yi. Na ɗanɗana, na ɗanɗana na kusa da shi, na bi su duka shida. Ba su da bambanci da juna, ba su kuma da bambanci da abin da na sha jiya. Na tura masa na farkon.

"Ci ka gaya mani. Kuma don Allah kada ka yi mani abin da na yi maka."

Ya wanke hannu ya yanki loma ya tauna a hankali. Ya ƙara ta biyu.

"Ta yi daɗi?"

"Ta yi."

"Ta kai tawa?"

Ya dube ni, ya dubi kwanon. Na ga yana neman hanyar kaucewa, na kuma ga lokacin da ya fasa.

"Ta kai," ya ce.

Ba ni da abin da zan yi musu da shi. Na jawo kwanon tsakaninmu na sa hannu, muka ci gaba da ci.